Kansilan Birnin Yamai: Mene Ne Aikinsa, Kuma Wa Ke Riƙe da Igiyarsa?

Akwai abin da mazaunin Yamai ya rasa tun da aka sallami kansiloli? Tambayar ke nan da kan taso a fada duk ranar da ruwan sama ya cika titi, ko aka wayi gari bola ta tare hanyar kasuwa. Ranar 4 ga Afrilun 2024 Janar Abdourahamane Tiani ya rusa majalisun ƙananan hukumomi, na birane da na jihohi baki ɗaya, aka maye gurbin magadan gari da kantomomin da gwamnati ta naɗa, yawancinsu masu kaki. Yamai ta samu Kanar Boubacar Soumana Garanké. A watan Maris na 2025 kuma aka rusa jam'iyyun siyasar su kansu. Mutumin da jiya ake tashi a ba shi kujera wurin ɗaurin aure, yau ba majalisa, ba jam'iyya, sai sunan "kansila" da ya manne masa a bakin ƴan unguwa.

Mutane sun kasu biyu. Wasu na cewa Allah raka taki gona, me suka tsinana ban da rabon filaye? Wasu na cewa ko ba komai a da akwai ƙofar da talaka zai ƙwanƙwasa da asuba a buɗe masa. A ganina duka ɓangarorin biyu da mudun da ba nasa ba suke auna kansila. Kafin a ce ya yi ko bai yi ba, sai an san abin da doka ta damƙa masa, da abin da ta hana shi, da kuma wanda ke iya tsige shi daga kujera a wuni ɗaya.

Wane ne kansila?

Ba mai unguwa ba ne, don mai unguwa na ɓangaren sarauta ne, ba ya shiga takarar jam'iyya. Ba gwamna ba ne, don gwamna wakilin gwamnatin ƙasa ne, naɗa shi ake yi. Ba kuma ɗan majalisar dokoki ba ne. Kansila mutum ne da aka zaɓa na shekara biyar ya zauna a majalisar birni, ya kaɗa ƙuri'a a kan kasafin kuɗin birnin, da harajin da birnin zai karɓa, da tsarin filaye, kasuwanni, tashoshin mota, shara da magudanan ruwa. Ƙuri'a ɗaya ce gare shi. Ba ya sa hannu a takardar fitar da kuɗi, ba ya ba ma'aikacin meri umarni, babu ko baro ɗaya na hukuma da ke ƙarƙashin ikonsa.

Tsarin da aka bi har zuwa 2024 ya samo asali ne daga dokokin da aka fitar ranar 17 ga Satumban 2010, zamanin riƙon ƙwaryar Salou Djibo. Su suka ba Yamai, Maraɗi, Tawa da Damagaram matsayin birane na musamman. An raba Yamai da'ira biyar, waɗanda har yau mutane ke kira kwamin ta ɗaya zuwa ta biyar, ta biyar ɗin ita ce ta ƙetaren kogi, wato Harobanda. Kafin a rusa ta a 2024, majalisar birnin Yamai na da zaɓaɓɓun kansiloli 45, kuma su ne ke zaɓen magajin gari daga cikinsu. Nan ne ruɗani na farko: mutanen Yamai ba su taɓa jefa wa magajin garinsu ƙuri'a kai tsaye ba a wannan tsari. Kansiloli suka zaɓa, kansiloli suka yi sauran a cikin zaure. Sarakunan gargajiya da ƴan majalisar dokoki na yankin suna da izinin zama a yi shawara da su, amma ba su da ƙuri'a.

Ruɗani na biyu ya fi wannan illa. Daga 2004 zuwa 2010 kowace kwamin ta Yamai tana da asusunta. Gyaran 2010 ya tattara asusun wuri ɗaya, a babbar meri. Har zuwa 2024 magajin garin da'ira yana nan da ofishinsa da ɗamararsa mai launin tuta, yana sa hannu a takardar haihuwa da ta aure, amma kuɗin aiki sai abin da aka yago masa daga sama. Mutumin Talladjé ko na Kirkissoye da ya je merin da'irarsa yana faɗa a kan rami a titi, sau da yawa yana yi wa wanda ba shi da makullin akwati faɗa ne.

A wancan tsari majalisa kan yi zama na ƙa'ida sau huɗu a shekara, kowane zama ƴan kwanaki. Kansila ba shi da albashin wata, sai alawus na zama. Wannan kaɗai, in ka faɗa a fada, sai an yi maka dariya.

Ƙofar shiga tana hannun jam'iyya

Lokacin da ake zaɓen kansiloli, ba mutum ake zaɓa ba, jerin sunaye ake zaɓa. Kowace jam'iyya ta kawo jerinta a da'ira, a raba kujeru gwargwadon ƙuri'un da kowace ta samu. Doka ta yarda masu zaman kansu su haɗa nasu jerin, amma a gari irin Yamai da wuya su kai labari. Saboda haka yaƙin gaskiya ba a rumfar zaɓe ake yin sa ba. Ana gama shi makonni kafin nan, a falon wani jigo, ranar da ake tsara wa zai shiga jeri, wa za a ba haƙuri, wa zai zama mataimakin da zai gaji kujera in mai ita ya rasu ko ya yi gaba.

Masu shiga kuwa an san su. Akwai ɗan kasuwar Katako ko Wadata da ya daɗe yana ɗaukar nauyin taron jam'iyya, yana sayen atamfa mai hoton shugaba. Akwai malamin lakwal ko tsohon ma'aikaci da ya iya Faransanci, wanda za a buƙata ranar karanta kasafi, ko ranar neman wanda ya cika sharaɗin takardar boko da doka ta gindaya wa mai son zama magajin gari. Akwai matashin da ke da fada goma a bayansa, in ya ce a fito a fito. Akwai kuma uwar adashe ko shugabar ƙungiyar mata, wadda a gaskiya ita ke kawo ƙuri'ar da ake ƙirgawa. Dokar kason mata ta shekarar 2000 ta fara da kashi 10 cikin ɗari na kujerun zaɓe, aka kai shi 15 a 2014, sannan 25 a 2019. Ta buɗe wa mata ƙofar zaure, ko da yake kujerar zaɓaɓɓen magajin garin Yamai a hannun maza ta yi ta yawo.

Abin lura a nan shi ne bashin da kansila ke shiga da shi majalisa. Unguwa ta ba shi ƙuri'a, amma jam'iyya ce ta ba shi gurbi, kuma ita za ta sake ba shi ko ta hana. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar da buƙatar unguwa ta ci karo da umarnin jam'iyya, ba sai an yi duba ba kafin a san inda hannunsa zai ɗaga.

Safiya a ƙofar gidan kansila

Na yi shekaru a layi ɗaya da wani kansila, kuma abin da na gani a ƙofar gidansa ya fi duk wata takardar doka bayyana mini wannan aiki. Kafin ya dawo daga sallar asuba an shimfiɗa tabarma. Ga tsohuwa da takardar magani a naɗe cikin bakin zane: "Alhaji, jikan nawa ne, tun shekaranjiya jikinsa zafi." Ya ce, "Sannu Inna, Allah ya sawwaƙe," ya zaro jika biyu. Ga ɗan kabu-kabu da aka kama wa babur, yana so a buga waya. Ga mai katin suna. Ga uwa da ɗanta zai zauna jarrabawa, ba shi da takardar haihuwa. Ga dattawa biyu da ke rigima a kan taku uku na iyakar fili, kowa na rantsuwa da kabarin ubansa. Cikin waɗannan duka babu ko ɗaya da doka ta ce aikin kansila ne. Amma da su ake auna shi, kuma wanda ya rufe ƙofa ya ce shi aikinsa kasafi ne, to ya yi sallama da kujera.

Ni ma na je nawa. Kwatar layinmu ta toshe da leda da yashi, damina na ƙaratowa. Ya saurare ni da kyau, ya ce, "Malam, zan kai maganar zama mai zuwa." Zaman sai bayan wata biyu. Ruwa bai jira ba, ya shiga zaurukan gida huɗu a dare ɗaya. Da safe sai ga shi da shebur shida da baro biyu da ya aro, ya ba samari kuɗin shayi da sukari daga aljihunsa, muka yi gayya muka yashe kwatar. An yi ta sa masa albarka. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai: aikin da harajinmu ya kamata ya yi, ya koma alherin mutum ɗaya, mu kuma muna godiya. Kuma mutumin da ba shi da albashi, amma kullum hannunsa na cikin aljihu, dole wata rana a tambayi inda aljihun ke cika. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Kuɗi, sannan filaye

Birni na samun kuɗi daga tikitin kasuwa, kuɗin tasha, harajin allunan talla, kuɗin takardu, da harajin kai da kowane baligi ya kamata ya biya amma kaɗan ke biya. Wasu manyan haraji kuwa ma'aikatar haraji ta ƙasa ce ke karɓa, su shiga baitulmali, daga baya a mayar wa birni kasonsa, kuma wannan "daga baya" kan yi tsawo. A 2008 an kafa hukumar ANFICT don tallafa wa ƙananan hukumomi da kuɗi. A Janairun 2016 gwamnati ta fitar da dokar miƙa musu wani ɓangare na harkar ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. Nauyin ya sauko da sauri, kuɗin ɗaukarsa ya biyo baya da ɗingishi. Abin da ya shigo kuma albashin ma'aikata da man motocin shara kan lashe mafi yawansa, a garin da ƙidayar 2012 ta riga ta nuna ya haura mutum miliyan ɗaya, kuma kullum sabuwar unguwa ke tsirowa a gefensa.

Da aljihu ya zama haka, sai ido ya koma kan abu ɗaya da birni ke iya mayarwa kuɗi nan take, wato ƙasa. A ɗauki gonakin bakin gari, a yanka su fuloti-fuloti, a ba masu gonar kasonsu, a sayar da saura. Ba kansiloli suka fara wannan ɗabi'a ba. Gwamnatin ƙasa da kanta ta taɓa biyan ma'aikatanta bashin albashi da filaye. Amma a nan ne sunan majalisun birni ya fi ɓaci: fili ɗaya takarda biyu ko uku, wurin da aka ware don lakwal ko likita a wayi gari an kewaye shi da bulo, unguwa a yanka ta a kan hanyar ruwa. Dajin dogon yaro da aka fara dasawa a 1965 don ya yi wa Yamai ɗamara, kowa ya ga yadda gine-gine suka yi ta cin sa. Masu cewa Allah raka taki gona, a wannan gaɓa suna da hujja, kuma ba na jin akwai tsohon kansila mai gaskiya da zai ce ba a yi ba. Sai dai a tuna cewa yankan fili ba ya tabbata da ƙuri'ar majalisa kaɗai, sai hukumomin sama sun sa albarka. Kura ce da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi, ko da yake kurar nan ma ba ta kwana da yunwa ba.

Manyan ayyukan da suka sauya fuskar garin kuwa ba daga zauren majalisa suka fito ba. Shirin Niamey Nyala na zamanin Issoufou Mahamadou, da gadojin sama, da gada ta uku a kan kogi mai sunan Seyni Kountché, duk daga fadar shugaban ƙasa da ma'aikatun gwamnati aka tafiyar da su. Rusau ɗin shaguna da rumfuna na 2016, gabanin taron Tarayyar Afirka na Yulin 2019, ofishin gwamna ne ya jagorance shi. Ƴan tireda da aka rushe wa rumfa, ƙofar kansila suka je kuka. Haka a ambaliyar 2020, lokacin da kogi ya karya madatsa ya shiga Lamordé da maƙwabtanta: kansila aka fara nema ya rubuta sunayen waɗanda abin ya shafa, shi aka zaga da taimakon bai kai ga kowa ba.

Igiyar tana sama

In ana son gane rayuwar siyasar kansilan Yamai, a bi tarihin kujerar da suke zaɓa. An yi zaɓen ƙananan hukumomi a Fabrairun 1999, aka soke sakamako a wurare da dama, rikicin bai lafa ba har aka kashe Shugaba Ibrahim Baré Maïnassara ranar 9 ga Afrilun shekarar. Zaɓen da ya zauna da gindinsa shi ne na 24 ga Yulin 2004, mai ƙananan hukumomi 265. Na Disamban 2009, na zamanin tazarcen Tandja Mamadou, juyin mulkin 18 ga Fabrairun 2010 ya share shi.

A 2011 kansiloli suka zaɓi Oumarou Moumouni Dogari na jam'iyyar Lumana, lokacin Lumana na cikin ƙawancen masu mulki. A watan Agustan 2013 jagoran Lumana, Hama Amadou, ya raba gari da gwamnati. A ƙarshen Satumba majalisar ministoci ta tsige Dogari bisa zargin rashin iya tafiyar da dukiyar birni, magoya bayansa suka ce ramuwar gayya ce ta siyasa. Assane Seydou ya hau, shi ma aka tsige shi a Yulin 2017, a daidai lokacin da ake ta ƙorafi a kan ƙazantar gari. Wata guda bayan haka aka rusa majalisar ɗungurungum, aka naɗa kwamitin riƙo ƙarƙashin Mouctar Mamoudou. A sauran ƙasar kuwa wa'adin kansilolin 2011, wanda ya kamata ya ƙare a 2016, aka yi ta ƙara masa wata shida-shida har zuwa zaɓen 13 ga Disamban 2020. A Afrilun 2021 Dogari ya dawo kujerarsa, ya yi shekara uku, sai dokar Afrilun 2024.

A lissafa: tun 2011 babu zaɓaɓɓen magajin garin Yamai ko ɗaya da ya cika shekara biyar a jere, kuma babu wanda masu zaɓe suka sauke. Duka daga sama aka sauke su, farar hula sun yi, soja sun yi. Dalili ba ɓoyayye ba ne. Yamai ce mazaunin mulki, kuma ta daɗe tana karkata ga ƴan adawa. Babu gwamnatin da ke sakin jiki ta bar kasuwannin babban birni da filayensa da titunan da ake zanga-zanga a kansu a hannun abokin hamayya. Kansilan da ya san haka, wane irin dogon shiri zai yi? Wanda bai da tabbacin kai wa baɗi, abin da zai iya nunawa bana yake nema, ko abin da zai iya ajiyewa.

Tsani ne ko rami?

Ana yawan cewa kansila matakin farko ne na hawa sama, kuma akwai misalai. Djibo Bakary ya zama zaɓaɓɓen magajin garin Yamai na farko a 1956, shekara ta gaba yana jagorantar gwamnatin cikin gida ta farko a Nijar. Brigi Rafini daga kujerar magajin garin Iferouane ya bi ta majalisar dokoki ya zama firaminista a 2011, ya yi shekara goma. Amma dukansu biyu manya ne tun kafin su shiga meri: Djibo jagoran jam'iyya da ƙungiyar ƙwadago ne, Brigi kuwa ya riƙe minista tun zamanin Ali Saibou. Kansila na gama-gari, abin da ya fi samu shi ne mataimakin magajin gari ko shugaban wani kwamiti. Da yawa wa'adi ɗaya suke yi su koma shago ko aji, wasu da bashi a wuya.

Kantoma ko kansila: me talaka zai gani?

Masu goyon bayan tsarin yanzu na da maganarsu. Kantoma ba ya bin kowa bashin ƙuri'a, ba ya jiran zaman majalisa, in ya ce a kwashe bola ko a tashi daga bakin titi, a ranar ake yi. Ba kuma a kashe kuɗi wurin sayen ƙuri'ar kansiloli ranar zaɓen magajin gari ko ranar yunƙurin tsige shi, cinikin da kowa ke jin ƙishin-ƙishin ɗinsa a garin nan. Duk wanda ya taɓa ganin yadda rigimar ɓangarori kan tsayar da aikin meri wata da watanni ba zai raina wannan hujja ba.

Tawa damuwar a wani wuri take. Kasafin birni a da sai an karanta shi a gaban mutum 45 na jam'iyyu masu gaba da juna, kuma ko don ƙeta wani zai miƙe ya tambayi inda kuɗin kaza ya shiga, maganar ta fita ta kai gidajen rediyo kafin magariba. Wannan ƙetar tana da amfani. Kantoma kuwa wanda ya naɗa shi yake yi wa bayani. In an dace da nagari, gari ya ji daɗi. In ba a dace ba, mai rumfa a Katako ba shi da ranar da zai rama da ƙuri'a, ba shi kuma da maƙwabcin da zai tare a bakin masallaci ya ce, "Alhaji, kai muka tura, me ake ciki?" Kuma mutum ɗaya, komai ƙwazonsa, ba zai san wace kwata ce ke fara cika a Boukoki ba, ko wane layi ne a Saga ruwa ke yankewa daga gari. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kundin tafiyar da ƙasa da aka ƙaddamar a Maris na 2025 ya ba mulkin soja wa'adin shekara biyar, wanda ake iya sauyawa gwargwadon halin tsaron ƙasa. Duk ranar da aka dawo maganar zaɓen ƙananan hukumomi, abubuwan da zan sa wa ido ba sunayen ƴan takara ba ne. Zan duba ko an bar majalisar ministoci da ikon tsige zaɓaɓɓe ba tare da alƙali ya saurari shari'ar ba, ko kason birni zai riƙa fitowa daga baitulmali a kan lokaci, ko da'ira za ta sake samun asusunta, da kuma ko za a riƙa karanta kasafi da Hausa da Zabarmanci yadda kansilar da ta fito daga ƙungiyar adashe za ta iya cewa ba ta yarda ba.

Maƙwabcin nan nawa dai ya koma shagonsa na kayan gini. Tabarmar ƙofar gidansa ba a naɗe ta ba, sai dai masu zama sun ragu. Ran nan na wuce na tarar da wata mata tana nuna masa takardar fili mai hatimi biyu, shi kuma yana ta latsa waya yana neman lambar wani da ya sani a meri, ko Allah ya sa ba a canza masa ofis ba.